Tayar gaba da modigad ba sa kallon wuri ɗaya tun da na faɗi a rairayi

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen manyanmu masu sana'ar. Babur ɗina Yamaha DT 125 ne, mai doguwar ƙafar nan na shiga daji, na hannu na saye shi shekara biyu ke nan. Malamin gona ne ni, kullum ina tsakanin ƙauyukan Gumel da Maigatari, kuma wanda ya san yankin ya san rairayi ne zalla. Ranar Alhamis ina dawowa bayan la'asar, hanya ta cika da masu komawa daga kasuwar Maigatari, sai na ratse na bi wata turba da amalanken shanu suka haƙe. Tayar gaba ta nutse, babur ya kwanta da ni ta dama. Alhamdulillahi ban ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu.

To tun da na tashe shi abu uku nake gani. In ina so in tafi sak, sai na riƙe kan a karkace, hannun dama ya fi kusa da jikina. In na leƙa ta sama, bakin modigad ya kauce daga tsakiyar taya kamar faɗin yatsa biyu. Sannan shokar gaba ta yi tauri, in na danna ba ta dawowa sumul kamar da, sai ta riƙa cijewa. Na kai wa wani makanike, ko sifana bai ɗauka ba ya ce shoka biyun sun lanƙwashe, in sayo sababbi har da ti, wato ƙarfen da ke riƙe da su. Kuɗin da ya ambata ya kusa albashina na wata. Kafin in ci bashi na ce bari in ji ta bakinku.

Autan Gareji: Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah ya kiyaye gaba. Kar ka sayi komai. Tsaya a gaban babur ɗin, ka matse tayar tsakanin gwiwoyinka, ka kama kan da hannu biyu ka murɗo shi da ƙarfi zuwa inda ya baro. Ko ka jingina gefen tayar da gindin bishiya ka fizga. Minti ɗaya ya miƙe. Haka muke yi wa 'yan acaɓa kullum.

Kawu Bakanike: Sannu Baban Ummi, Allah ya tsare gaba. Auta ya faɗi gaskiya a abu ɗaya, kar ka yi saurin sayen kaya. Amma bari in nuna maka yadda gaban babur yake tukuna, don in ka gane shi kai da kanka za ka san inda ciwon yake.

Shokar gaba bututu biyu ne, kuma wuri uku ne ke riƙe da su. Ti na sama, shi ne kan babur ke zaune a kansa. Ti na ƙasa, a irin babur ɗinka shi ne modigad ke ɗaure a ƙarƙashinsa. Sai shaf ɗin taya can ƙasa, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Wato kai yana bin ti na sama, modigad yana bin ti na ƙasa, taya kuma tana bin ƙafafun shoka. Lokacin da ka faɗi, rairayi ya riƙe taya ƙam, bakin kai kuma ya daki ƙasa da nauyinka da na babur. Bututun ba a walda suke ba, matse su kawai aka yi, sai su ɗan zame a cikin maƙalinsu, gaba ɗaya ya murɗe kamar an matse wanki. Shi ya sa kowa ke kallon nasa wuri. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini bayan faɗuwa a rairayi wannan ne ke damunsu, ba lanƙwasa ba.

Ga yadda za ka yi. Ka samu daɓe mai kyau kusa da bango. Sassauta notin shaf, in akwai ƙananan notocin da ke matse shaf a ƙafar shoka su ma ka sassauta. Sassauta notocin ti na ƙasa, dama da hagu. Sassauta notocin modigad. Sassauta babban notin da ke tsakiyar ti na sama, amma kar ka taɓa zoben da ke ƙarƙashinsa, wannan na boris ne. Sassautawa na ce, ba cirewa ba. Notocin da ke matse bututu a ti na sama kuwa ka bar su a ɗaure. Daga nan ka hau, ka kara tayar da bango, ka danna gaban da ƙarfi ya nutse ya dawo kamar sau goma. Kar ka kama birki, domin birkin a gefe ɗaya yake, yana iya sake jan ƙafa ɗaya. Komai zai koma mazauninsa da kansa. Sai ka ɗaure daga sama zuwa ƙasa: babban noti, ti na ƙasa, shaf, modigad a ƙarshe.

Autan Gareji: Kawu, da girmanka, wannan ai doguwar hanya ce. Abin da gwiwa za ta yi a minti ɗaya me ya sa sai an kwance rabin babur? Ni ban taɓa ganin wanda muka yi wa ya dawo da ƙorafi ba.

Kawu Bakanike: Auta, ni ma ina yin na gwiwar. In mutum ya faɗi a daji, babu sifana, magariba ta kawo kai, shi ne daidai, ya miƙe ya isa gida. Amma da ido kake auna shi, kuma noti na ɗaure kake tilasta wa ƙarfe. Kan zai yi kamar ya miƙe, murɗewar kuma ba ta gama fita ba, sai shoka ta ci gaba da cijewa tana cin sil, robar da ke hana mai zuba, a hankali. Bayan wata biyu mai ya fara zuba, mai babur ba zai haɗa shi da waccan faɗuwar ba, shi ya sa ba ya dawo maka da ƙorafi. Ka lura mutumin nan ya ce shokarsa ta yi tauri. Wannan maganar ce ta hana ni ce masa ya yi na gwiwa.

Injiniya Ƙarami: Ina goyon bayan Kawu. Abin da zan ƙara shi ne yadda za ka tabbatar, don kar ya zama ido kawai. Nemo gilashi miƙaƙƙe, irin na taga mai yanka-yanka ya isa. Ture robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe shoka, bututun masu sheƙi su fito, sai ka kwantar da gilashin a kan su biyun a ƙarƙashin ti na ƙasa. In ya zauna daram, bututun suna layi ɗaya. In yana ɗan rawa daga kusurwa zuwa kusurwa, akwai murɗewa ko lanƙwasa. Ka gwada kafin ka yi abin da Kawu ya ce, ka sake gwadawa bayan ka gama. In rawar ta tafi, murɗewa ce. In ta ƙi tafiya, sai a zare bututun ɗaya bayan ɗaya a mirgina a kan gilashi a duba.

Littattafan gyara na Honda yawanci milimita 0.2 suke bayarwa a matsayin iyakar lanƙwasar bututun shoka, haka ma shaf ɗin taya. Wili mai sifok kuma milimita 2 ne iyakar rawarsa. Ka ga 0.2 ba abin da ido zai gani ba ne daga tsaye. To ta yaya mutum zai kalli babur kawai ya yanke hukuncin shoka biyu sun lanƙwashe?

Sannan ka auna tsawon bututun da ya leƙo saman ti na sama, dama da hagu su zama daidai.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Irin wannan moto ita ce ta ma'aikatan lafiya da na noma a wajenmu, daga Magarya har Tanut, don haka mun saba da matsalar. Abin da kuka manta shi ne kan da kansa, wanda mu muke ce wa gidon. Sau da yawa taya lafiyarta lau, ti lafiya lau, gidon ne ya lanƙwashe ta gefen da ya daki ƙasa. Mutum na zaune yana ganin hannu ɗaya ya matso sai ya ɗauka gaba ne ya murɗe. Ka ɗauki zare, ka miƙar da taya, ka auna daga bakin gidon na dama zuwa wani noti na tsakiya a bayan moto, ka auna na hagu zuwa wuri guda. Ko ka kwance shi ka kifa a daɓe, in ɓangare ɗaya ya ɗaga ka ga mai laifi. Ka kuma duba gindinsa inda aka matse shi, nan ne yake fara tsagewa. Na ƙarfe ana iya sa masa bututu a ɗan dawo da shi in kaɗan ne, na alminiyom kuwa in ya lanƙwashe a canza kawai, karyewa yake ba gargaɗi.

Shi ma ti ɗin, mu ma haka muke kiransa a nan, da Faransanci ma sunansa ke nan.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri, na fara fahimta. Kawu, tambaya ɗaya: me ya sa ba zan sassauta na sama da na ƙasa duka ba? Ina ganin kamar zai fi sakin jiki.

Mai Lifan: Kar ka kuskura, Malam. Ni na taɓa yi a nawa. Na sassauta duka huɗun na hau na danna, bututun suka zarce sama ta cikin ti, gaban babur ya durƙushe, modigad ya zauna a kan taya, ɗaya bututun ya fasa mini gilashin mita. Sai da muka ɗora injin a kan turmi kafin muka iya dawo da su daidai.

Kawu Bakanike: Amsar ke nan ya ba ka. Nauyin gaban babur gaba ɗaya a kan waɗannan maƙalan yake, dole ɗaya ya riƙe. Akwai masu barin na ƙasa su sassauta na sama, ban ce ba ya yi ba, amma ni na fi samun biyan buƙata da barin na sama. In kana so ka sassauta duka, sai ka ɗora cikin babur a kan akwaku ko turmi, tayar gaba ta bar ƙasa. Kuma tunda ka ɗaga shi, ka yi amfani da damar ka duba boris ɗin wuya. Juya kan dama da hagu a hankali, in ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ya ci mazauninsa. Ka kama ƙafafun shoka ka ja gaba ka tura baya, kar ka ji ƙwas-ƙwas. Rairayin wajenku ba ya raga wa giris.

Injiniya Ƙarami: Wajen ɗaurewa kuma a yi hankali. Notocin ti ba na nuna ƙarfi ba ne. A baburan KTM na daji, masu shokar da aka kifa babban bututu a sama, na ti na ƙasa 12 zuwa 15 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) ne kawai, na sama 17 zuwa 20, don in aka wuce haka bututun na matsewa shoka ta riƙa cijewa. Naka ba irin wannan ba ne, amma zaren notin a cikin ti yake, in ya cinye ka shiga wani sabon kashe kuɗin. Kar a sa wa sifana bututu. In noti biyu ne a gefe ɗaya, a riƙa ɗaura wannan kaɗan, wancan kaɗan.

Baban Ummi: Jama'a barkanmu da Asabar. Na yi aikin da safe ni da ƙanena a daɓen zaure. Na ciro gilashi ɗaya daga tagar ɗaki na gwada, yana rawa sosai, har ana jin ƙararsa tik-tik. Muka sassauta kamar yadda Kawu ya tsara, na kara tayar da bango. A dannawa ta uku na ji wani ƙas daga wajen ti na ƙasa, ƙanena da ke tsaye a gaba ya ce ya ga tayar ta motsa da kanta. Muka ɗaure, na mayar da gilashi, ya zauna daram. Na auna kan da zare kamar yadda ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce, bambancin bai kai a yi magana ba. Na zagaya unguwa, hannuwana sun daidaita. Boris ɗin wuya ma lafiya.

Sai dai da sauran rina a kaba. Modigad har yanzu bai hau tsakiyar taya ba, ya ragu dai zuwa kamar yatsa ɗaya. Shoka ta yi sauƙi amma ba ta koma kamar da ba, musamman in ta nutse sosai, a can ƙasa take cijewa. Kuma yanzu da na durƙusa na duba da kyau, sai na ga tayar ba ta tsakiyar ƙafafun shoka. Na sa rula daga bakin wili zuwa kowace ƙafa, ɓangaren da ba birki ya fi matsowa da kusan milimita 4. Ko dai maganar makaniken can ce ta tabbata?

Mai Gyaran Wili: Malam, dakata tukuna. Ni aikina ke nan, wili, shekara da shekaru. Taya ta ƙi zama a tsakiya abu uku ne ke kawo shi, kuma biyu daga ciki ba ruwansu da faɗuwarka.

Ɗaga gaban ka juya tayar, ka riƙe alli a jikin ƙafar shoka yana kusan taɓa bakin wili. In wilin yana zuwa yana komawa, alli ya taɓa nan bai taɓa can ba, wili ne ya bugu, a kawo mana mu ja sifok. In bai rawa amma duk zagayen ya kwanta gefe ɗaya, ko dai wani ya taɓa jan sifok na ɓangare ɗaya fiye da ɗayan, ko kuma matsalar a kan shaf take. Ka kuma duba siririn layin da ke zagaye da taya kusa da bakin wili, ya fito daidai ko'ina ta kowane gefe. Tayar gaba mai inci 21 siririya ce, in ba ta hau wili sosai ba sai ta yi kamar ta karkace alhali ƙarfen lafiyarsa ƙalau.

Amma tambayar da na fi so ka amsa mini: wa ya cire tayar nan na ƙarshe, kuma a ina?

Baban Ummi: Oga, ka tuna mini. Kamar sati uku kafin faɗuwar ƙaya ta huda mini tayar gaba a wani ƙauye, wani yaro mai faci ya cire ta a gindin bishiya, a kan rairayi. Na tafi sallah na dawo na same shi yana ta tonon ƙasa da hannu, na tambaye shi ya ce ba komai. Ya ɗaura na biya na tafi. Kuma in na tuna da kyau, tun daga lokacin gaban ya ɗan yi nauyi, na ɗauka iska ce ya cika.

Na juya tayar yanzu da alli, ba ta rawa. Layin taya ma daidai yake.

Mai Gyaran Wili: To cire shaf ka duba ɗan bushin ɗin da ke tsakanin boris ɗin taya da ƙafar shoka, a ɓangaren da ba birki. Ina kyautata zaton naka ya faɗa rairayi ya ɓace, yaron ya ɗauko wani daga cikin gwangwaninsa ya sa maka. Kowane babur da tsawon nasa. In aka sa gajere, da an ɗaure noti sai ƙafar shoka ta matso ciki don cike gurbin. Sama a buɗe daidai, ƙasa a tsuke. Shi ya sa take cijewa in ta nutse, kuma shi ya sa kake ganin taya ta fi kusa da wannan ƙafar. Tunda ka buɗe, ka tabbatar tsagar da ke jikin murfin birki ta shiga ɗan tudun da ke jikin ƙafar shoka, shi ne ke hana murfin juyawa in ka kama birki. Ka mirgina shaf ɗin ma a kan gilashin nan naka.

Baban Ummi: Allahu Akbar. Na cire. Bushin ɗin da na tarar ba nasa ba ne, ko kalarsa daban, sannan an kara masa wata tsohuwar washa da ta lotse. Na je wajen abokin aikina mai irin babur ɗina muka cire nasa muka jera, nawa da washar duka bai kai nasa ba. Kuma bakin bai cika sil ɗin ba, rairayi ya shiga, boris na wannan gefen yana ƙara in na juya shi da yatsa.

Kawu Bakanike: Madalla da Oga Mai Wili, ni ban kawo wannan a raina ba. Ka sayi boris biyu, ba ɗaya ba, da sil. Lambar tana jikin boris ɗin, ka tafi da tsohon. Bushin kuma in ba ka samu nasa ba a wajen masu kayan babur, ka ari na abokinka ka kai wa mai injin yankan ƙarfe ya fitar maka da irinsa, tsawo da kauri. Kar a cike da washa. In notin shaf ɗinka mai ɗan fil ne, sa sabon fil, kar ka sa ƙusa.

Ɗan Damagaram: To da a ce bututun ne ya lanƙwashe fa? Ni ban yarda da cewa dole sai sabo ba. A nan ana miƙar da su a injin matsa, kuma motocin suna shekaru suna aiki. Kayan DT na asali ba su da araha, wani lokaci sai an aika Kano ko Yamai. Talaka ya ajiye moto wata biyu yana jiran bututu?

Injiniya Ƙarami: Yaya, littattafan Yamaha da kansu suna gargaɗin kar a miƙar da bututun da ya lanƙwashe, don yana raunana shi. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka dawo da shi ba ya komawa yadda yake. Kuma wurin da yake lanƙwashewa, dab da ƙarƙashin ti na ƙasa, nan ne duk nauyin birki da na rami ke taruwa. In ya karye ana gudu, fuska ce ke fara isa ƙasa.

Ɗan Damagaram: Masu littafin suna da bututu a kanti kusa da su. Ni abin da idona ya gani nake faɗa.

Kawu Bakanike: Ku duka biyun akwai gaskiya a bakinku, amma bari in faɗi inda na tsaya, don na miƙar da su da hannuna kuma na ƙi miƙar da wasu. In lanƙwasar 'yar kaɗan ce, doguwa, sai an mirgina a gilashi ake ganin haske na shiga ƙarƙashi, ina kai wa injin matsa, a sanyi, a tallafe shi da katako, a riƙa aunawa. Kuma ina gaya wa mai shi gaskiya cewa lallaɓawa ce kafin ya samu wani. In kuwa akwai ƙugu, wato wurin ya yi layi da farce zai iya ji, ko farin da ke jikinsa ya tsattsage, ko me za a ba ni ba na taɓawa. Abin da nake roƙon 'yan'uwana masu sana'a su daina shi ne sa wuta. Na ga ana gasa bututu da wutar walda har ya yi ja sannan a dake shi da guduma. Wannan ya kashe ƙarfen, ya ƙona farin, sil ba zai ƙara riƙe mai ba. Mai babur ya tafi yana godiya, bai san abin da ya hau ba.

Autan Gareji: Wannan na wutar gaskiya ne Kawu, ana yi a layinmu. Zan yi wa ogana maganar gilashin nan ma, ba mu taɓa gwadawa ba.

Maman Sadik: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce, amma ni ke riƙe da rajistar baburan ma'aikatanmu na rigakafi, kuma kusan duk wata sai wani ya dawo da irin wannan. Don Allah ku yi bayanin modigad ɗin ma, tunda har yanzu nasa bai daidaita ba. Namu da yawa a karkace suke alhali ba su faɗi ba.

Mai Lifan: Hajiya, roba ce, rana ke lanƙwasa ta. A jingina babur bakin modigad na tokare da bango, ko a ɗaura masa kaya a kai, ya wuni cikin zafin Afrilu, shi ke nan ya ɗauki wannan siffar. In kin ga gindinsa a tsakiya yake amma bakin ya kauce, robar ce. In tun daga gindi ya kauce, a duba notocin. Kowane rami yana da ɗan ƙaramin bushi, in ɗaya ya ɓace aka ɗaure haka nan sai gefen ya lotse ya ja baki. Ramukan suna da ɗan wasa, a sassauta duka, mutum ɗaya ya tsaya a gaba ya saita shi da taya, ɗayan ya ɗaure a gicciye. Na robar kuma a tafasa ruwa a kwarara a hankali a wurin da ya murɗe, a sa tsumma a murɗa shi ya ɗan wuce daidai, a riƙe, a zuba ruwan sanyi. Wani lokaci sai an maimaita. Ban da kara shi a garwashi ko risho, narkewa yake ya yi ƙyalli ya tsage daga baya.

Mai Gyaran Wili: Kuma a daina auna lafiyar gaba da modigad, Hajiya. Shi ne abin da ido ke fara gani, amma shi ne mafi rashin tabbas a wurin. In ma'aikaci ya ce babur na ja gefe ɗaya alhali gaba daidai yake, a duba tayar baya. Wajen jan cen ake karkatar da ita, a ja gefe ɗaya fiye da ɗayan. A zagaya zare ta bayan tayar baya a miƙo shi gaba ta gefe biyu yana shafar bakinta. Tayar gaba ta fi siranta, don haka za a ga ɗan fili dama da hagu, filin nan ya zama ɗaya.

Baban Ummi: Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Bushin ban samu nasa a nan ba, sai da na ba direba na abokina ya kai Kano aka yanko mini irinsa, ya dawo jiya Talata. Na sa boris biyu sababbi da sil. Kafin in ɗaure shaf na sake yin dannawar bango, sannan na ɗaure. Rula ta nuna dama da hagu daidai, in ma da bambanci bai kai milimita 1 ba. Shoka tana nutsewa har ƙasa ta dawo ba cijewa. Modigad ɗin ashe abu biyu ne, bushi ɗaya babu, kuma bakin ya murɗe. Uwargida ta tafasa mini ruwa a butar shayi, sai a karo na biyu ya zauna. Na yi gwajin zare a baya, ta ɗan kauce, na gyara. Duk abin da na kashe har da kuɗin direba bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ce in tanada ba. Yau na je ƙauyuka uku na dawo, na bi ta turbar da na faɗi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Kawu lafiya.

Kawu Bakanike: Amin, Alhamdulillahi. Bayan sati ɗaya ka sake bin notocin ti da na shaf da sifana, ka ɗaga robar shoka ka shafa yatsa ka ga ko mai na tsatsa, tunda ta yi kusan wata tana aiki a tsuke. In ka ga danshi a gefen da bushin ya ɓata, sil ɗin wannan ƙafar ne, ka canza na biyun ka zuba mai daidai wa daida.

Maman Sadik: Oga Mai Wili, zaren nan kowane iri ne, ko akwai wanda ya fi? Gobe akwai babura shida a ofis, ina so a gwada su duka kafin su fita.

Mai Gyaran Wili: Na magina ya fi, Hajiya, siriri ne kuma ba ya saki. A tsayar da babur a miƙe, wani ya riƙe shi, kar a auna yana kan jak ɗin gefe.